Kafin Rana Ta Faɗi

A Meskin, bakin Mayo Tsanaga,
inda rairayi ke ɓoye ruwa kamar marowaci,
na tuge albasata ranar Talata.
Mutum tara na ɗauka:
bakwai daga duwatsun Mokolo,
sai Wangba da ƙanensa mai tari.
Tun asuba suke duƙe,
idanu na hawaye, ba wanda ya mutu.

Motar Duwala ba ta zo ba.
Dillali ya aiko, wai sai Juma'a.
Na laluba aljihu, jaka huɗu da 'yan canji.
Wata murya mai laushi ta raɗa mini,
"Barnaba, kai ma ka ce musu sai Juma'a,
haka kowa ke yi."

Na san wannan Juma'ar.
Babana ya yi dakon auduga a Kayle,
ita yake kawowa gida maimakon hatsi.
Inna takan ɗora ruwa a murhu,
ta yi ta juya muciya cikin tafasa
har barci ya sace mu muna jiran tuwo.

Ran Lahadi fasto ya karanta mana,
tabaraunsa ɗaure da zare,
cewa hakkin ɗan ƙwadago ba baƙo ba ne
da za ka yi wa shimfiɗa ya kwana.
Kuɗin da aka danne yana da baki,
kuma Mai Sama ba kurma ba ne.
Ko sa mai sussuka ba a ɗaure masa baki.
Na ce amin da ƙarfi a ranar,
da yake amin ba ta da tsada.

Na tafi gida na tono gwangwanin Rifkatu,
kuɗin kwanon rufi, tarin damina uku.
Ta dubi jinka, ta dube ni,
ta miƙo wuƙa na ɓalle murfin.

Da na dawo mun zama goma.
Tsohuwa Maipa ta iso da la'asar,
daga asibiti, jikarta a goye,
buhu ɗaya tak ta cika.
Na ƙirga mata daidai da kowa.

Wangba ya yi tsaki.
"Mu da rana ta gasa tun safe?"
Na ce, ƙirga naka, ya ragu?
Ya ƙirga sau biyu. Bai ragu ba.
Na ce, cikinta bai san ta makara ba.
Ya yi shiru, ya ɗaga mata buhun.

Ƙananan albasa da suka saura a kunya
na ce kowa ya tsinta, na miya ne.
Rana na taɓa kan dutse
sa'ad da hannuna ya zama wofi.

Damina za ta zo,
ɗakin zai yi yoyo inda ya saba.
Mun san inda ake ajiye ƙwarya.