Kile Mai Lamba Goma

Ran Lahadi na shiga kasuwar Tawa
da jika ashirin ƙulle a bakin zane
da takarda cike da sunayen ƙarafa,
rabinsu ban san kamanninsu ba.

Abin da ya kai ni: daren Talata,
bayan Badagishiri, inda ba fitila ba bukka,
tsohuwar motata ta yi tari biyu, ta yi shiru.
Ni Cima ungozoma,
wadda ke juya ɗan da ya zo ta ƙafa,
na ɗaga murfin inji ina kallo
kamar akuya a gaban allo.
Sai da asuba wani yaron mota
ya murɗa noti guda,
ya karɓe jika uku, har da hamma.

Nomau mai tsoffin ƙarafa
yana can ƙuryar rumfa, bayan masu faci.
Yatsunsa tara ne.
Ya karanta takardata sama da ƙasa,
ya ninke, ya naɗe sauran goronsa a ciki.

Na nuna jan akwatin da ke rataye,
mai baki ɗari da ashirin, kowa da ɗakinsa.
Ya ce, “Bar wa mai son ado.
Ƙarfe mai ƙyalli kamar haƙorin Makka,
noti ɗaya mai taurin kai zai wage masa baki.
Miƙo hannunki.”

Ya aza mini kile, baƙa, mai sanyi,
lambarta ta kusa shafewa.
“Goma ke nan. Ita ce uwar ɗaki.
Kan batir nata ne, rabin motar nata ne.
Sayi biyu, don tana da yawon tsiya,
ba makaniken da bai yi mata kuka ba.”

Sha biyu, sha huɗu, sha bakwai
suka biyo ta kamar ƙanne.
Turnabis biyu, mai faɗin baki da mai tauraro.
Pinsa wadda haƙoranta ke haɗuwa,
ya ɗaga ta ga rana, haske bai ratsa ba.
Kilen taya mai gicciye,
“don ƙarfinki a ƙafa yake, hau ki taka.”

Kirik ya sa na juya da kaina
har gumi ya sauko mini a wuya,
sannan ya ɗora guntun katako a kai, kyauta.
“Yashin Adar ba ya riƙe amana.
Sa wannan a ƙasa, sa dutse bayan taya.
Kuma ko zinariya ta faɗa ƙarƙashin mota,
kar ki bi ta, in kirik kaɗai ke riƙe.”
Bai dubi hannunsa ba. Ni na duba.

Na ce, guduma fa?
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
“Sabon hannu da guduma?
Sai baɗi, in kin koyi jin magana.
Mota tana faɗin inda ke mata ciwo.”

Nan na yi shiru,
don jakar aikina ma ba ta da nauyi:
almakashi, zare, safar hannu,
ɗan ƙahon da nake kafawa a ciki in saurara.
Sauran duk kunne ne da jira.

Tocila, ƙullin waya, salatif baƙi,
tsumma daga tsohon zanen gado.
Jika sha shida da ’yan kai.
Duk suka shige buhun shinkafa, da sauran wuri.

Jiya da magariba, a ƙofar gida,
na kwance kan batir, na kankare farin garin,
na ɗaure. Ta tashi bugu ɗaya.
Yaran maƙwabta suka yi ihu,
na sunkuya in yi musu fankama,
goma ta sulɓe, ƙil, ƙil,
ta shige cikin inji.

Har yanzu tana ciki.
In na hau kwalta ina jin ta tana dariya.
’Yar’uwarta kuwa na ɗaure ta da zaren cibiya
na rataya a wuya.