Yatsa Huɗu

Na ɗaga jarka na kara ta da hasken taga,
kananzir ya tsaya a yatsa huɗu.
Na ja masa layi da gawayi
yadda ake auna tsayin yaro a jikin bango,
sai dai wannan yaron
kullum gajarta yake yi.

Hamajoda mai tebur a bakin tasha
ya kife mazurarinsa tun Talata.
Ya ce tanka ta maƙale a hawan hanyar Garwa,
ya ce gobe, ya ce jibi,
ya ce ko jaka biyu na ajiye masa
ba abin da zai tsiyaya mini sai haƙuri.

Ngaundere kuwa ba ta jiran tanka.
Rana na yin ja
sanyi ke saukowa daga dutsen mai cibiya,
ya bi Sabongari gida gida kamar mai karɓar haraji.
Ya san ƙyauren da ba ya rufuwa daidai.
Ya san gwiwar Baba.

Shekara talatin Baba Tanimu na sauke buhu a tashar jirgi,
siminti, gishiri, masara,
yau bargo ma nauyi yake masa.
Idanu sun tafi bara waccan,
ƙirji kuma ya daina shiri da hayaƙin itace,
shi ya sa sai risho.

Na zauna na yi rabo.
Fitila ta huta: shi ba ya ganin ta, ni na san hanya.
Tuwo sau ɗaya, a murhun Mama Odil,
ina biyan ta da busasshiyar kuɓewa da hira.
Risho na Baba ne, daga isha zuwa asuba,
lagwani ƙasa ƙasa, tukunyar ruwa a kai,
taga a buɗe faɗin tafin hannu.
Yatsa ɗaya, kwana biyu.
Kwana takwas ke nan, in Allah ya yarda.

Ya ce, "Delu, ke fa?"
Na ce, "Ɗakina ai tanda ne, Baba."
Na tafi na shige zani uku da buhun siminti,
safa a hannu, gwiwa a haɓa.

Kwana huɗu, na sake ɗaga jarka.
Lissafi ya ce biyu.
Jarka ta ce uku, har da ɗoriya.
Kananzir dai ba ya haihuwa.
Na zargi Mama Odil, ta rantse da littafinta.
Na zargi idona.

Daren nan ban runtsa ba.
Can da karnuka suka gaji
na ji tabarma ta motsa,
na ji hannu yana lalube, yana lalube,
ƙarfe ya ce ƙiris,
sai warin lagwanin da aka kashe
ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya same ni.
Bayan haka ba komai
sai haƙoran tsoho suna ƙirga dare
tare da carbinsa.

Gab da kiran farko na ji ashana.
Ɗaya ta karye. Ta biyu ta mutu.
Ta huɗu ta kama,
makaho ya kunna wuta da yatsun da ba sa ji,
ya koma ya ja minshari na ƙarya
don in shigo in tarar da ɗumi.

Da magariba na naɗo tabarmata
na shimfiɗa wajen ƙafafunsa.
Ya ce, "Tandar taki fa?"
Na ce, "Ta huce."
Ya yi dariya har tari ya karɓe ta.

Na cika kwalba da ruwan zafi,
na naɗe ta a ɗankwali, na tura masa tsakanin sawu.
Numfashi biyu a ɗaki ɗaya
shi ma wani lagwani ne, ashe.

Tanka har yau ba ta iso ba.
Yatsa biyu da rabi.
Ya ce in kashe, na ce ya yi barci.
Ashanar tana ƙarƙashin matashina.