Ruwan Toka

Sunan kakata Nabe,
a bakin mutanensu tukunya ke nan.
Tana 'yar shekara tara ta bar Okinawa,
kwana hamsin da 'yan kai a cikin jirgin ruwa,
ƙwayar garafuni bakwai ɗinke a bakin rigarta.
Uku suka tsiro a jar ƙasar Campo Grande, bayan layin dogo.
Jikokinsu ke hawa katangarmu har yau.

Harshen bai iso gare ni ba.
Da Fotugis nake mafarki,
da shi nake faɗa da direban bas.
Gadona littafi ne mai shuɗin bango,
rubutunsa na gangarowa daga sama kamar ruwan indararo,
ko ɗigo ban iya karantawa ba.
Shafi na sha ɗaya dai ya fi sauran maiƙo,
na ce lallai nan taliyar take.

Ta rasu a watan Maris.
A Yuli adashinsu ya zagayo gidanmu,
wanda suka fara su talatin, yau saura tara.
Kuɗin ko tayar mota biyu ba zai saya ba,
amma mai kwasa shi ke girki,
ba a taɓa ɗagawa ba, ko shekarar ambaliya.

Na ƙona reshen gwaiba.
Na jiƙa tokar kwana uku, na tace da tsohon ƙyallenta,
na kwaɓa fulawa da ruwan, ta ƙi ni,
na sa a leda na hau da dunduniya
yadda na ga tana yi, hannu ɗaya dafe da bango.
Awara ta farfashe a kasko.
Garafuni na yanka shi da kauri, don ban san iyaka ba.

Suka zo da sanduna da lema.
Takalma tara a bakin ƙofa, ɗaya na mai ƙafar roba.
Tsuru Yonamine, shekara casa'in da ɗaya,
ta ja taliya guda, ta tauna,
ta tauna,
har na ji ƙarar firji.

Tokar ta yi yawa, in ji ta.

Na sunkuyar da kai.

Shekara sittin ina gaya wa Nabe,
ba ta taɓa ji ba.
Ta turo kwanon. Ƙaro.

Seitoku ya ciro molonsa mai tsirkiya uku,
fatar maciji ta tsage an liƙe da gam.
Ɗana Caio ya tofar da garafuni a tafin hannu,
ya ɓoye a ƙarƙashin faranti.
Wata ta gani, ta yi dariya har da tari:
ubanka ma sai da ya kai ashirin, yaro,
ɗaci ba ya son gaggawa.

Da hantsi ya juya na ɗauko littafin,
na buɗe wa Tsuru shafin maiƙo.
Karanta mini awon, na ce, kada in sake.
Ta goge tabarau da gefen riga.

Wane awo?
Sunayenmu ne.
Nan take dubawa ta san kwano nawa za ta jera.

Yatsarta ta bi layi layi,
tana tsallake waɗanda aka ja wa zane,
ashirin da ɗaya, ban da mai littafin,
har ta kai ƙasa, inda tawada ta fi sabunta,
hannun kuma ya fi rawa.

I-bo-ne, ta karanta.
Ke ce. Ba mu da harafin tsakiyar sunanki,
sai ta ara na kusa.

Da dare na wanke kwano goma.
Ragowar ruwan tokar na zuba a kwalba,
na ajiye bayan gishiri.
Ban rage ba.