Hatimin Ƙasar da Babu Ita

Bayan sadakar arba'in, a Kusuri,
muka buɗe akwatin ƙarfen Baba.
Ƙarƙashin tsohuwar jallabiya da ƙwayoyin kafur
ga takardar shaidar karatunsa,
bango shuɗi, gara ta ɗanɗani gefe.
Ƙanena Sallau ya ɗaga ta wajen taga:
rubutu kamar sawun kaza a laka,
hatimi a ƙasa, guduma da lauje a tsakiya.
Ya ce, wace ƙasa ce wannan?
Na ce, babu ita.

A Girozni ya karanci man fetur, shekara biyar,
jamhuriyar Ceceniyawa da Ingushawa,
suna biyu da aka ɗaure a turke ɗaya.
Ya dawo Cadi ba a haƙo ko cokali ba,
ya ƙare da gyaran injin kwalekwale a bakin Logon,
baƙin mai har gwiwar hannu.

Bai cika zancen ƙanƙara ba.
Zancensa Aset ne, tsohuwar da ya yi haya a gidanta,
mai ba shi wainar masara da cuku mai gishiri,
mai ce masa ɗana, don Tanimu ya gagari harshenta.
Ta ce da asuba suka zo, tsakiyar sanyi,
shekarar arba'in da huɗu.
Soja ya dubi agogo, ya yanka mata 'yan mintoci
ta tattara abin da kakanni suka tara.
Ta ɗauki tukunya, ta goya yaro,
ta manta takalmi.

Taragon shanu, kusan mako uku.
Duk inda jirgi ya tsaya, sai a rage mutane.
Ba a jima ba aka kankare sunan daga taswira,
aka yi watandar ƙasar ga maƙwabta,
aka tumɓuke duwatsun kabari aka yi gefen titi.
Sai da shekara goma sha uku ta cika
aka ce, to, ku koma.
Ta dawo da ƙashin mijinta cikin akwatin tufafi,
ta iske wata tana shanya a igiyarta.
Sun daɗe suna kallon juna.
Ita ma waccan, kawo ta aka yi.

Ina da shekara bakwai ranar da Njamena ta kama da wuta.
Unguwarmu kowa gudu, wani da tabarma, wani da akuya.
Baba ya tsare bakin ƙofa,
harsashi na tsaga iska kamar ana yaga atamfa,
ya ce ba mai fita sai ya sa takalmi.
Inna ta yi ta salati tana masa faɗa.
Ya durƙusa ya ɗaure mini nawa da kansa.
A cikin kwalekwale duk ƙafafu tsirara ne, sai namu.

Daga baya rediyo ta ce turken ya karye,
kowane suna ya kama gabansa.
Sannan ta ce ana ruwan wuta a Girozni.
Wasiƙa huɗu ya aika, ko ɗaya ba ta sami gida ba.
Ya kashe rediyon, ya gangara bakin ruwa,
ya wuni yana kwance injin da lafiyarsa ƙalau.

Ga Njamena can, fitilunta na rawa a kan kogi,
kuɗin babur ne kawai tsakaninmu da ita.
Kullum ya ce, in ƙura ta lafa.
Nan muka binne shi, bayan kasuwar kifi.

Sallau ya ce, me za a yi da takardar?
Ban amsa ba.
Akwatin nake kallo, tsawonsa da faɗinsa,
sai na kama kaina ina aunawa da ido.
Na yi istigfari,
na mayar da ita ƙarƙashin jallabiya,
na rufe.