Gado Na Tara

Ƙarfe biyun dare a Lamingo.
Sanyin Jos ya shigo ta tagar da ba ta rufuwa,
ya kwanta a kan bargon Baba Chollom.
Ni ce likitar kwana.
Ledar ƙarin ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis,
kamar mai ƙirga bashi.

Shekara talatin yana haƙar kuza a Bukuru.
Loto ya rufta da abokinsa Davou, shi ya fito da ƙafarsa.
Yanzu ciwon daji ne ke haƙarsa,
ya fara daga huhu, ya sara rami a kowane ƙashi.

Ya kama gefen farar rigata.
"'Yata, allurar nan mai sa ni barci,
nawa ake ƙarawa barcin ya zarce?"

Na yi kamar ban ji ba, na gyara masa matashi.
Ya ce, "Kin ji.
Da karena ya faɗa rami ya karya baya
ban bar shi ya kwana yana kuka ba.
Ni ban kai kare ba a wurinku?"

Na ce, "Baba, rai amana ne.
Ba ni na ba ka ba, ba ni zan karɓa ba."
Ya soma dariya, tari ya ƙwace ta.
"Fasto ma haka ya ce ran Lahadi,
ya ajiye mini lemo biyu, ya tafi gida ya yi barcinsa.
Ku da littafinku, mu da namu,
a nan kam bakinku ya zo ɗaya.
To robar nan ta hancina,
wa ya sa ta, in ba ku ba?
Wata huɗu kun tare ni a bakin ƙofa.
In riƙewa ba shisshigi ba ne,
yaya saki ya zama kisa?"

Ba ni da amsa a aljihu,
sai biro, sai makullin akwatin magani
da ya yi mini nauyin dutsen Riyom.

A baranda ɗansa Pam na kwance a kan kwali.
Ya sayar da gonar dankali, ya sayar da babur.
Na leƙa shi, gabana ya faɗi:
in na buɗe ƙofar nan yau don tausayi,
gobe wa za a tura ta cikinta don kuɗin asibiti?
Tsohuwa nawa za su ce "na gaji"
alhali nufinsu "na gajiyar da ku"?

Sai dai ba gobe ce ke nishi a gabana ba.
Baba Chollom ne, yana cizon bargo.

Na ja maganin daidai layin da aka rubuta,
layi siriri kamar gashi,
ban haura shi ba.
Na jawo kujera na zauna,
abin da ba a koya mana a makaranta ba.
Na riƙe ƙafarsa, sanyi ƙalau.
Ya ba ni labarin gwaten marigayiya Kaneng,
yadda take cika masa yakuwa don ta ga ya yamutsa fuska.
Bai yafe mini ba. Ya dai yi barci.

Da asuba ladan ya kira daga nesa,
can ƙararrawar coci ta biyo baya.
Na yi sallah a ɗakin hutu, na rasa abin roƙo:
in ce a ƙara masa kwana, ko a rage?

Kwana goma sha ɗaya ya yi bayan nan.
Pam ya naɗe kwalinsa, ya yi mini godiya,
godiyar ta tsaya mini a maƙoshi.

Na cika takarda.
A gurbin sanadi na rubuta sunan cutar.
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gurbin rubuta kwana goma sha ɗaya,
babu inda ake tambaya
ko amana na tsare a daren nan,
ko kaina.