Hannun da Ya Koyi Numfashi

Ranar da motar albasa ta kwanta a kwanar Badagishiri
ina saman buhuna, ina ɓarar gyaɗa.
Ban karye ba. Ko haƙori ban rasa ba.
Na miƙe, na karkaɗe riga,
sai hannun dama ya ƙi miƙewa tare da ni.

Wata biyar yana reto a gefena
kamar guga a rijiyar da ta ƙafe.
Maɗori ya lalube, ya ce ƙashi lafiya lau.
An tofa, an turara, an ɗaura laya a damtse.
Ran da ya jingina da butar shayi
ƙauri ne ya ba ni labari.
Tuwo kuwa a ɗaka nake ci, da hagu, na juya wa ƙofa baya.
A tashar Tawa wani yaro ya gaji wurina,
yana ɗinke bakin buhu
ɗinkin da ko akuya za ta kwance.

Tsahara ta sayar da tumaki biyu da tasoshin aurenta.
Nomau ya turo cikon daga Abijan, bai ce bashi ba ne,
bai kuma ce kyauta ba.

A Yamai, lokotoro Bibata,
da Hausarta mai gishirin Zabarmanci,
ta yi mini zane a bayan takardar magani:
"Igiyar da ke kai saƙo ta tumɓuke daga tushe, nan a wuya.
Ba ta ƙulluwa. Sai dai aro.
Tsakanin haƙarƙarinka akwai jijiyoyin numfashi,
zan karkato biyu zuwa damtse.
Gwiwar hannu nake nema maka. Yatsu, ban yi alkawari ba."
Na ce ni ma ɗinki ne sana'ata, da wane zare?
Ta ce wanda gashin jariri ya fi shi kauri.

Awa bakwai, in ji su.
Na farka, hannu yana nan jiya i yau.
Na juya fuska bango.
Ta ce, "Arzika, shuka muka yi.
Jijiya a ƙasa take tafiya,
zangonta na yini bai kai ƙwayar gero ba."

Muka dawo gida.
Duk Juma'a ɗiyata Azumi
takan ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa, sannu sannu,
inda na ji kamar cizon tururuwa
sai ta ɗiga bakin biro.
Wani mako ɗigon ya matsa. Wani mako ya yi zaune.
Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero,
ɗigo na bin ɗigo kamar sawun zabuwa a rairayi.

Wata na takwas, da asuba,
hayaƙin murhu ya sarƙe ni, na yi tari.
Wani abu ya wutsila a damtse
kamar tarwaɗa a taɓon Tabalak.
Na sake tari, da gangan.
Na sake.
Tsahara ta rugo da moɗa,
ta tarar ina tari ina nuna mata da haɓa,
ruwan ya zube mata a ƙafa ba ta sani ba.

Yanzu in zan ɗaga shi sai na cika ƙirji
kamar mai shirin nutso.
In na yi atishawa yakan yi zumbur ya sara wa mutane,
yaran tasha har jira suke.
Yatsu suna barcinsu.
Basilla ta koma hagu, dama ke danne buhu,
ɗinkina ya karkace, na daina zagin yaron.

Daren jiya Azumi ta ɗaura mini cokali a wuyan hannu
da tsumman zane.
Na ja numfashi. Rabin miyar ta tsiyaye a riga.
Sauran ta iso.
Na ce a buɗe ƙofar.