Tankin Ƙarƙashin Matakala

A Suwame, inda ƙarfe ke kwana da ɗumi,
na shekara talatin ina ɗinki da wuta.
Maame Akosua ta zo neman tankin ruwa
da zai shige ƙarƙashin matakalarta a Asawase.
Matakala ba ta miƙewa don kowa,
sai na sa tankin ya rusuna mata:
gindi a shimfiɗe, bango a karkace,
kamar fasinjan da ya gaji da jiran mota a Kejetiya.

Na ja awo. Tsawo mita biyu, faɗi ɗaya,
gefen da ya jingina, ɗaya da ɗigo uku.
Na buga su a ka, yadda maigidana ya koya mini,
na rubuta da alli: lita dubu biyu da ɗari shida.
Ta biya, har da na koko.

Ran Laraba sai ga ta, mai motar ruwa na bin ta:
"Bawa, jarka takwas ba su sami wuri ba.
Ina ka kai mini su?"
Na shafa ɗinki, babu yoyo.
Na rantse da harshena, ta rantse da nata.

Da magariba Sharifa ta sauko daga tirotiro,
littattafan jami'a sun karkata mata kafaɗa.
Ta ji, ba ta ce uffan ba.
Ta zaro sandunan walda uku daga gwangwani,
ta haɗa gindinsu a kusurwa guda.
"Baba, kowanne kibiya ne.
Kibiya ba tsawo kaɗai gare ta ba,
tana da inda ta dosa."

Ta farko ta nufi gabas.
Ta biyu ta nufi arewa.
"Waɗannan biyun in aka gicciya su
sukan haifi wata, mai tsayawa cak a kansu,
tsawonta daidai da filin gindin tanki: biyu.
Yanzu tambayi ta ukun, mai jingina:
nawa daga cikinki ya bi wannan mai tsayuwar?"

Na sake wa igiya nauyi daga bakin tanki.
Rabin mita ya tafi gefe, yawon banza.
Abin da ya hau sama, ɗaya da ɗigo biyu.

Ta jera lambobi tara a kan murfin duro,
sahu uku, kamar jam'in da bai cika ba,
sifiri ya fi yawa.
Ta ninka, ta cire, ta tara.
Allin ya karye, ta ci gaba da guntun.
Biyu da ɗigo huɗu.
Lita ɗari biyu ke nan da ban taɓa ginawa ba,
na kuwa karɓi kuɗinsu.

Na ce, to da ya ƙara jingina fa?
Ta kwantar da sandar a hankali, a hankali,
har ukun suka kwanta a siminti ɗaya.
"Ga tsawonsu nan, ko ɗaya bai ragu ba.
Zuba ruwa mu gani."

Shekara talatin ina tambayar ƙarfe tsawonsa,
ban taɓa tambayarsa ina ya nufa ba.

Da safe na ƙirga sidi a ambulan,
na hau motar Asawase.
Maame ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ce, "Wa ya gano?"
Na ce, 'yata.
Ta zare takarda ɗaya ta maido mini:
"Saya mata alli."

Sandunan ukun suna nan a kan tagar shago,
na ɗiga musu wuta a gindi don kada su rabu.
Yaran aiki sun ɗauka maratayin hula ne.
Jiya na ga ta Fuseni a kai.